Nazarin Lamari: Shekara Guda ta Shawarwari kan Kwanciyar Aure ga Wata Mata Mai Cutar MS

Matar da yadda ciwon ya fara

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 33 a lokacin da likitan jijiyoyi ya turo ta wurina. Malamar makarantar firamare ce a wani birni na Arewacin Nijeriya, ta yi shekara 11 da aure, tana da 'ya'ya uku, mijinta kuma ɗan kasuwa ne mai shagon yadi. An sakaya sunanta da na mijinta da na asibitin.

Ciwon ya fara bayyana ne tana da shekara 29, wajen mako biyar bayan haihuwarta ta uku. Idonta na hagu ya riƙa ganin hazo, yana kuma yi mata zafi idan ta juya shi, kuma ta lura cewa hazon yakan ƙaru duk lokacin da ta fito daga wankan jego, sannan ya ragu bayan jikinta ya huce. Tsofaffin gidan suka ce jego ne bai karɓe ta ba, aka ƙara mata kunun kanwa, idon kuwa ya washe da kansa cikin 'yan makonni. Bayan shekara guda sai ƙafafunta suka yi nauyi, ta riƙa jin kamar tururuwa na yawo daga tafin ƙafa har zuwa ƙugu. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod, an kuma ce sanyin ƙashi ne. Sai da ta kai shekara 31, bayan an yi tafiya zuwa wani birni domin ɗaukar hoton MRI na ƙwaƙwalwa da laka, aka tabbatar cewa cutar da likitoci ke kira MS ce.

A wannan cuta garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar yadda ɓera ke cin robar wayar lantarki, sai saƙon da ke bi ta cikin jijiyar ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya yanke. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1868. Ƙididdigar ƙungiyar MS ta duniya ta 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita, mata sun ninka maza wajen sau biyu, kuma ta fi kama mutane tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato tsakiyar shekarun aure da haihuwa. An fi samunta a Turai da Arewacin Amurka. A Afirka ta kudu da Sahara ba a cika gano ta ba, ga shi kuma na'urar MRI da likitocin jijiyoyi sun yi ƙaranci, shi ya sa mai ita kan daɗe tana yawo tsakanin asibitoci. Irin wadda ta kama wannan mata ita ce mai tasowa ta lafa, wadda mafi yawan masu cutar ke farawa da ita. A ma'aunin naƙasa na EDSS, wanda ke tafiya daga 0 (babu naƙasa) zuwa 10, tana kan 3.0: tana tafiya da ƙafarta ba tare da sanda ba, tana kuma zuwa aiki. Bayan maganin da ke rage kaifin garkuwar jiki, tana shan baklofen saboda sanƙarewar tsokar ƙafa, da okzibutinin saboda matsuwar fitsari, da amitiriftilin da dare saboda raɗaɗin ƙafafu.

Shekaru biyu kafin a turo ta

Matsalar kwanciya ta fara ne tun kafin a sa wa cutar suna. Gabanta ya rage ji, ni'ima ta ɗauke, saduwa ta koma da zafi, a hankali kuma ta fara neman uzuri idan dare ya yi. Wadda ta fara gaya wa ita ce yayarta, wadda ta ce sanyi ne, ta kai ta kantin magani inda aka haɗa mata ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta har zagaye uku ba tare da an gwada komai ba. Da hakan bai yi ba sai aka koma kayan mata, ta sha tsimi, ta ci gumba da dahuwar kaza, daga baya ta yi amfani da matsi na tsawon wata biyu, wanda ya ƙara mata bushewa da raɗaɗi har ta daina da kanta. Dangin miji kuma suka kawo zancen namijin dare, aka yi mata ruƙiyya sau da dama. Ta ce ta samu natsuwar zuciya daga karatun, amma jikinta yana nan yadda yake.

A duk tsawon wannan lokaci tana zuwa asibiti bayan kowane wata uku, ana tambayarta ido da ƙafa da barci, ba wanda ya taɓa tambayarta zancen ɗaki, ita ma ba ta taɓa tayar da shi ba. Bincike-bincike a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na mata masu wannan cuta suna fama da wata matsala ta saduwa. Abin da ya sa maganar ta fito a ƙarshe shi ne ta fashe da kuka a gaban likita, ta ce ta ji ana yi wa mijinta zancen ƙarin aure. A lokacin sun yi wata huɗu suna saduwa sau ɗaya a wata, ko ƙasa da haka.

Nuwamba: zama na farko da ma'auni

Tsarin da na bi shi ne wanda masanin halayyar ɗan Adam na Amurka Jack Annon ya fitar a 1976, wanda aka sani da PLISSIT. Matakai huɗu ne: a fara buɗe wa mutum ƙofar yin magana ba tare da jin ya yi abin kunya ba, a ba shi taƙaitaccen bayani daidai da damuwarsa, a ba shi takamaiman shawara, idan kuma duk wannan bai wadatar ba a tura shi wurin ƙwararre domin jinya mai zurfi. Mun yi zaman ne a ɗaki rufe, mu biyu kawai, na minti 50. Rabin lokacin ta yi shi ne tana kallon jakarta tana murza igiyarta.

Na yi amfani da takardar tambayoyi ta FSFI, wadda aka fitar a 2000, mai tambaya 19 a kan makonni huɗu da suka gabata. Tana auna ɓangare shida, kowanne makinsa na ƙoli 6, jimilla 36, kuma wadda ta samu ƙasa da 26.55 ana ɗaukarta a matsayin mai matsala. Da baki na mayar mata da tambayoyin zuwa Hausa, don haka makin manuniya ne kawai ta yadda take ci gaba daga wata zuwa wata. Ta samu 3.0 a sha'awa, 2.1 a motsuwar jiki, 1.8 a ni'ima, 1.6 a inzali, 2.4 a gamsuwa, 2.8 a ɓangaren zafi (inda ƙarin maki ke nufin ƙarancin zafi), jimilla 13.7.

A wannan zama na yi mata bayanin cewa jijiyoyin da ke ɗaukar ji daga gaba suna bi ne ta cikin laka, inda hoton ya nuna tabon cutar, cewa cutar ba ta yaɗuwa ta hanyar saduwa, ba ta hana haihuwa, kuma saduwa ba ta ƙara ta. Ta saurara, ta yi godiya, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba.

Disamba zuwa Janairu: shawarar da ba ta ci ba

A zama na biyu na ba ta man santsi mai ruwa-ruwa, na hana ta komawa ga matsi da basilin, na kuma koya mata atisayen matse tsokar ƙasan mara. Sannan na rubuta mata tsarin da Masters da Johnson suka fitar a 1970, wanda ma'aurata ke jingine saduwa na ɗan lokaci, su riƙa taɓa juna a matakai, domin a cire fargabar gazawa a kuma gano wuraren da jiki ke ji. Na ce ta kai wa maigidan takardar su karanta tare. Haka kuma na sa ta cikin zaman ƙungiya na mata masu ciwon jijiyoyi da muke yi sau ɗaya a wata.

Ta halarci zaman ƙungiyar sau ɗaya, ta tarar da wata mata daga unguwarsu, ba ta ce uffan ba, ba ta kuma sake zuwa ba. Takardar kuwa ta yi mako shida a ninke cikin jakarta, domin a cewarta ba ta san da wane baki za ta miƙa wa namiji takardar da ke cewa ya dakata ba, alhali dakatawar ce ta kawo su inda suke. Man santsin ya rage zafi, amma sau biyu kawai suka sadu a cikin watannin biyu. A ƙarshen Janairu makinta ya koma 14.7, kuma duk ƙarin ya fito ne daga ɓangaren ni'ima da na zafi.

Fabrairu: abin da ya fito

A zama na huɗu na sauya takarda, na ɗauko MSISQ-19, wadda aka tsara musamman domin masu cutar MS. Ta ginu ne a kan rabon da Foley da Iverson suka yi a 1992, inda suka kasa matsalar gida uku: wadda ta fito kai tsaye daga lalacewar jijiya, kamar raguwar ji da bushewa, da wadda sauran alamomin cutar ke jawowa, kamar gajiya da sanƙarewar tsoka da matsalar mafitsara, da kuma wadda ke fitowa daga zuciya da zamantakewa, kamar tsoron a ƙi mutum. Kowace tambaya ana amsa ta daga 1 zuwa 5. Da na karanta mata tambayar da ta shafi fitsari, sai ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba, sannan ta ce, "Sista, biyar ne."

Daga nan labarin ya fito. Wajen shekara biyu da suka wuce fitsari ya kuɓuce mata a tsakiyar saduwa, ya jiƙa shimfiɗa ya kuma taɓa mijin. Bai ce komai ba, ya tashi ya yi wanka ya sauya zanin gado, kuma wannan shirun nasa ne ta fassara da ƙyama. Abin ya sake faruwa sau biyu. Tun daga lokacin, da ya matso sai hankalinta ya koma kan mararta, ta ƙame jikinta, cinyoyinta su matse, wanda hakan ke tayar da sanƙarewar da dama take fama da ita. Zancen najasa ya fi komai damunta, domin a kan wannan gadon ne ƙaramin ɗansu ke kwanciya da rana, kusa da shi kuma take shimfiɗa darduma. Ta fara ƙin shan ruwa tun daga La'asar, abin da ya sa fitsarin ya yi kauri ya ƙara matsa mata.

Akwai abu na biyu. Maigidan yakan dawo daga kasuwa bayan Isha, ya ci abinci, ya yi hira a ƙofar gida, sai wajen ƙarfe 11 ya shigo, lokacin da gajiyar cutar ta gama ɗaure ta, amitiriftilin kuma ya fara sa ta barci. Idan an gama sai ta dafa ruwa mai zafi sosai ta yi wankan janaba, kuma sau da yawa takan fito daga banɗaki ƙafafunta na rawa, idonta na ganin hazo. Daga nan ta yanke wa kanta hukunci cewa saduwa ce ke tayar mata da ciwo, bayanin da na yi mata a Nuwamba kuwa ta ɗauke shi a matsayin kwantar da hankali irin na ma'aikatan asibiti. Alhali abin da ke faruwa sananne ne tun 1890, lokacin da likitan ido na Jamus Wilhelm Uhthoff ya bayyana shi: jijiyar da ta rasa rigarta ba ta jure zafi, ko ɗan ƙaruwar ɗumin jiki yakan hana ta aiki na ɗan lokaci, idan jiki ya huce sai ta dawo, ba tare da an samu sabuwar ɓarna ba. Da na tuna mata hazon da ta gani a wankan jego shekara huɗu baya, sai ta ɗago kai ta dube ni, karo na farko a ranar.

A makon nan aka mayar da ita wurin likita. Gwajin fitsari ya nuna ƙwayoyin cuta, aka ba ta maganin da ya dace da su. Hoton mara bayan ta yi fitsari ya nuna saura mililita 150 a mafitsara, alhali likitoci da yawa suna ɗaukar 100 a matsayin iyaka. Okzibutinin da amitiriftilin duka suna busar da baki da gaba, duka kuma suna iya hana mafitsara zubar da abin da ke cikinta gaba ɗaya. Likitan ya rage amitiriftilin, ya kuma ba da shawarar ta koyi zura siririyar roba mai tsabta domin ƙarasa fitar da fitsarin sau biyu a rana, da kuma kafin saduwa. Da farko ta ƙi. Ta yarda ne bayan ta gwada sau uku a gabana, ta kuma je ta tambayi malamar Islamiyyarsu hukuncin tsarki da alwala a kan hakan.

Maris: shigowar maigida

Ba ta yarda a yi zancen a gabanta ba, don haka likitan, namiji ɗan'uwansa, shi ya fara zama da maigidan shi kaɗai, da izininta da kuma iyakar abin da ta amince a faɗa. Nan aka gano cewa mutumin yana ɗauke da nasa fahimtar. Ya ce ya ga yadda take fitowa daga wanka tana dafa bango, sai ya tabbatar shi ne ke ƙara mata ciwo, ya rage nemanta, idan kuma ya nema ta juya baya sai ya ɗauka ta daina sonsa. Shirun da ya yi a daren da fitsarin ya zuba, ya ce don kada ya kunyata uwar 'ya'yansa ne. Zancen ƙarin aure kuwa ya amsa cewa 'yan'uwansa sun kawo, bai ce musu e ba, bai ce a'a ba.

Bayan mako guda muka zauna mu huɗu. Abin da aka tsayar ba shi da yawa. Aka mayar da lokacin zuwa safiyar Asabar ko Lahadi, bayan yara sun tafi Islamiyya, shi kuma ya jinkirta buɗe shago. Za ta sha baklofen ɗinta na safe wajen awa guda kafin lokacin, ta bar shayi a safiyar, ta fitar da fitsari da robar, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin wani zani da aka ware domin haka. Za ta kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyinta, domin hakan yana rage matsa mara da tashin sanƙarewa. Wanka kuma da ruwa mai ɗumi-ɗumi, sannan ta koma shan ruwa yadda ya kamata da rana. A wannan karon ne na sake ɗauko tsarin taɓa juna a matakai, na yi musu bayaninsa da baki su biyun, suka gano cewa wuyanta da bayanta da cikin hannayenta suna ji sosai, har fiye da da. A ƙarshen Maris makinta ya kai 21.5, suna saduwa kusan sau ɗaya a mako, fitsari bai sake zuba ba.

Afrilu zuwa Mayu: koma baya

Da bazara ta kankama, zafi yana haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta tsayawa, gajiyarta ta ƙaru, ƙafarta ta dama ta riƙa ja. An ji tsoron sabon tashin cutar ne, amma gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta sun sake shiga fitsarin, kuma ta amsa cewa saboda tsada ta riƙa amfani da roba ɗaya fiye da yadda aka ce. Bayan kwana 10 da magani ƙafar ta koma yadda take. Sun yi mako bakwai ba su sadu ba. Ita ce ta gaya masa dalili da bakinta tun a makon farko, shi kuma ya sayo fanka mai caji, ya kuma ɗauki nauyin sayen robar duk wata. Ba a auna maki a wannan lokaci ba, domin takardar FSFI ba ta ba da sakamako mai ma'ana idan ba a sadu ba a makonni huɗun.

Nuwamba: bayan shekara guda

An yi zama tara jimilla. Makinta na ƙarshe shi ne 4.2 a sha'awa, 3.9 a motsuwar jiki, 4.5 a ni'ima, 2.4 a inzali, 4.8 a gamsuwa, 4.8 a ɓangaren zafi, jimilla 24.6. EDSS yana nan a 3.0. Fitsari ya zuba sau ɗaya a cikin damina, ta ce sun sauya zanin sun ci gaba da hira. Raguwar ji a gabanta ba ta canja ba, inzali kuma sai jefi-jefi. Ba a kai ga mataki na huɗu na PLISSIT ba, wato jinya mai zurfi wurin ƙwararre, domin gwajin ciwon damuwa da aka yi mata sau biyu bai nuna tana buƙatarsa ba.

Nazari

Duk wanda ya taɓa lamarin kafin Fabrairu, har da ni, ya ɗauke shi a matsayin ƙarancin sha'awa ko ƙarancin ni'ima, saboda nan ne hankali ke fara zuwa idan matar aure ta guji shimfiɗa. Makin Nuwamban farko ya riga ya nuna akasin haka a kan sha'awa, domin ita ce ta fi kowane ɓangare maki, kuma ban tsaya na tambayi abin da ke hana mai sha'awa kusantar mijinta ba. Kuskurena na biyu shi ne zaɓen takarda: FSFI ba ta da tambaya ko ɗaya a kan fitsari ko gajiya, don haka wata uku ta tafi a kan ma'aunin da ba zai iya ganin matsalar ba. Na uku shi ne na ɗauka na wuce matakin farko na PLISSIT don kawai ta zauna ta saurare ni. Buɗe ƙofar magana ga mace irin wannan yana nufin a ambaci abin da sunansa, ta yadda abin da ya rage mata kawai ta faɗi lamba. Ba za ta taɓa fara furta kalmar fitsari da kanta ba.

Tsarin taɓa juna a matakai da ya faɗi a Disamba shi ne ya yi aiki a Maris, kuma ba abin da aka canja a cikinsa. Bambancin shi ne a karon farko an ɗora wa mace ita kaɗai nauyin kai wa miji saƙon da ba ya cikin al'adar gidansu, tana kuma ɗauke da tsoron da ba a magance ba. Zaman ƙungiya ma ba laifinsa ba ne, sai dai a garin da kowa ya san kowa bai dace da wannan magana ba.

Ci gaban da aka samu ya fito ne daga gida na biyu da na uku na rabon Foley da Iverson, wato mafitsara da magunguna da lokaci da zafin ruwa, da kuma fahimtar da kowannensu ya yi wa shirun ɗan'uwansa. Gida na farko bai motsa sosai ba, kuma ban yi mata alkawarin zai motsa ba, domin ji da ya tafi sakamakon tabo a laka ba shawara ke dawo da shi ba, magungunan ƙarfin maza kuma ba su nuna wani amfani mai yawa ga mata masu wannan cuta ba. Makin 24.6 har yanzu yana ƙasa da 26.55, wato a takarda tana cikin masu matsala, ko da yake ita ta ce abin da ya kawo ta ya wuce. A zamanmu na ƙarshe tambayar da ta zo da ita a kan ciki na huɗu ce. Na gaya mata cewa tashin cutar yakan ragu a lokacin goyon ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, ya kuma ƙaru a watanni ukun farko bayan haihuwa, sannan na mayar da su wurin likita domin a duba magungunanta kafin su daina tsarin iyali. An ba su ranar dawowa a Janairu, su biyun.